Kunnuwan Kaset ɗin Hasana

Gurnanin ya fara ne da shigowar bazara. Attahir ya kunna kayan sautinsa wata safiya, kafin ma ya sa kaset, sai ya ji wani ƙugi can ƙasa-ƙasa yana fitowa daga lasifikokin, kamar babbar mota ta tsaya bayan katanga an bar injinta a kunne. Ya leƙa waje, babu mota. Ya rage murya, ƙugin ya ragu. Ya ƙara, ya ƙaru.

Da wani ne, da sai ya ce kaya sun tsufa, ya ci gaba da harkar gabansa. Amma duk unguwarsu a Tawa an san Attahir da kayan nan. Daga Abijan ya kwaso su lokacin da ya bar ci-rani: ampili mai ƙara ƙarfin sauti, mai nauyin tsiya, na'urar kaset, da lasifikoki biyu masu tsayin ƙugun mutum. Kullum a lulluɓe suke da zane, kullum yana goge su. Mutum ne mai kunne, kuma mai taurin kai a kan kunnen nasa. In waƙa ta yi ƙara kaɗan fiye da yadda yake so, gara ya kashe ya zauna shiru.

Ana cikin haka ne Amina ta kira shi daga Tebaram. Ita kaɗai ce ɗiyarsa. Tare suke zaune tun tana lakwal, wato makarantar boko, har ƙarshen daminar bara da aka yi mata aure, aka kuma tura ta aikin asibiti can inda mijinta yake. Suka gaisa, ta tambayi zafi, ta tambayi ƙafarsa, sannan ta kawo abin da ya sa ta kira.

"Baba, kaset ɗin Inna. Ina son in ji shi."

Attahir bai tambaye ta dalili ba. Ƙanwarsa ta Bambeye ta riga ta tsegunta masa cewa yarinyar tana da juna biyu, na fari. Uwarta Hasana kuwa wajen haihuwa ta rasu, ita da abin da ke cikinta, lokacin Amina ba ta wuce yaye ba. Ba ta san fuskarta ba sai a hoto ɗaya da ya koɗe, murya kuwa ko a mafarki.

A zamanin da Attahir ke Abijan babu waya a hannun talaka. Mutanen ƙasarsu ta Adar da kaset suke magana da gida. Fuska ɗaya ta miji ce, ɗaya ta mata. Matar ta kulle kanta a ɗaki da rediyon aro ta faɗi abin da za ta faɗa, a ba mai tafiya. In ya isa, miji ya saurara, ya juya, ya ɗora amsarsa bisa tsohuwar maganarsa, a mayar. Kaset ɗaya sai ya shekara yana kai da kawo. Akwai wasu 'yan kunnuwa biyu na roba a bayan kowane kaset, in aka karya su ba ya sake ɗaukar magana. To, kaset mai tafiya ba a karya masa kunne. Wanda ya karya, ya ce zance ya ƙare ke nan tsakaninsa da mai shi.

Kaset na ƙarshe da Hasana ta aiko ya same shi lafiya. Ya saurara, ya ce zai amsa in abokan ɗakinsa sun rage hayaniya. Bai samu shirun da yake so ba har mai tafiya na gaba ya iso da labarin rasuwa. Tun daga ranar kaset ɗin ke naɗe cikin ƙyallen zanenta, kunnuwansa na nan, fuskar da take tata na ɗauke da muryarta. Yakan saurare shi in Amina ba ta gida. Maganar miji da mata ce, ta yi masa nauyi ya kunna gaban ɗiya.

"Ki taho," ya ce da ita. "In kin zo ki ji."

"Sai ƙarshen wata za a ba ni hutu, Baba. Ka kunna mini yanzu ta waya, in ɗauka."

"Kaya suna wani gurnani. Bari in gyara."

"Ko da gurnanin. Ni dai in ji ta."

"A'a. Ba za ki fara jin uwarki kamar mai magana daga cikin rijiya ba."

Haka ya ce, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Gaskiya ne Hasana a hankali ta yi maganar, don surukai na tsakar gida, sai an ƙara murya sosai ake jin ta, in kuwa an ƙara, ƙugin ya taso ya danne rabin kalmomin. Amma rabin kalmomi ai kalmomi ne. Yarinyar nan ta roƙe shi har sau biyu, ya ƙi. Kai, taurin kai bai yi ba.

Daga nan ya shiga farauta. Ya kashe fanka, ƙugi na nan. Ya cire ƙwan lantarkin ɗakin, yana nan. Ya sauya wayoyin da ke haɗa na'urar da ampili, ya sayo sababbi, ya mayar da tsofaffin. Ya juya kan wayar kuran, wato wutar lantarki, a bango, ya ja kayan zuwa wancan lungun ɗakin, ya jawo su. Ya ɗora ampilin a kabu-kabu, ya rungume shi kamar jariri har kasuwa wurin Mumuni mai gyara. A rumfar Mumuni abin ya yi tsit, ko numfashi babu. Mumuni ya ce masa lafiyarsa lau. Da dawowa gida, da jonawa, sai ga gurnani kamar yana jiransa a bakin ƙofa.

Sai ya ɗora laifin a kan maƙwabta. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Nuhu, tsohon malamin lakwal da ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a can, Kirista mutumin kudu da aiki ya kawo Tawa ya ƙi komawa. Matarsa Rut tana da babban firiji da take yin ƙanƙara na sayarwa. Attahir ya shiga gidan da sallama, ya ce firijin ne ke zuba masa ƙara a waya.

"Ɗan Abijan," in ji Nuhu, "bara ka ce injin niƙa ne ke lalata maka waƙa, bana firijin Rut. Baɗi sai ka ce jakin mai ruwa."

Rut dai ba ta yi musu ba. Ta cire firijin daga kuran a tsakiyar zafin nan, ta ce ya je ya saurara. Ya je ya saurara. Gurnani na nan daram. Ya dawo yana sosa ƙeya, ƙanƙara ta fara narkewa, Nuhu na dariya har da riƙe ciki.

Ranar ne ya gaya wa Nuhu abin da ake ciki. Nuhu ya daina dariya. Ya ce a kawo kaset ɗin a sa a tsohon rediyonsa, Attahir ya ce wannan rediyon da ke cin zare kamar akuya, Allah ya kiyaye. Nuhu ya karɓi kaset ɗin ya juya bayansa.

"Malam Attahir, kunnuwan suna nan. Karya su kahin mu taɓa komi."

"Ba ni karyawa."

"Don mi?"

"Ban amsa mata ba, Mushe."

Nuhu ya dube shi, ya miƙa masa abinsa. Shekarunsa da yawa cikin Adarawa, ya san inda ake tsayawa.

Ana gobe Amina za ta iso, Nuhu ya shigo da hantsi ya ce yau ko su ko gurnani. Dabararsa ita ce a raba abu biyu: a san ko ƙarar a cikin kaset take, ko a cikin kaya. A sa kaset marar komai, a jona makirho, a ɗauki shirun ɗakin, a saurara, sannan a sa na Hasana a gwada. Attahir ya ɗauko wani kaset da ya rage cikin waɗanda ya sayo tare da nata tun a Abijan. Iri ɗaya ne sak, launi ɗaya, babu rubutu a jikin ko ɗaya, don shi da Hasana babu mai boko. Ƙyallen zanen nan ne kawai shaida. Sai ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya ce duk lokacin da nata ya fito, a kansa za a ajiye shi.

Suka yi ta yi. A sa wannan, a cire, a sa wancan. Nuhu ya ce a taɓa nan, Attahir ya ce an riga an taɓa. Zafi ya taso, gumi na shiga ido, tsofaffi biyu suna ta ja-in-ja a kan waya ja da waya fara. A cikin wannan musun ne hannu ya yi abin da ya yi. Attahir ya ciro kaset ɗin gwaji, idonsa na kan Nuhu yana ba shi amsa, ya ajiye shi bisa ƙyallen, ya tura na Hasana ciki. Kafin ya danna komai, kuran ya ɗauke.

Babu abin yi. Aka kira azahar, Attahir ya tafi masallaci, Nuhu ya tafi cin abinci.

Da kuran ya dawo suka sake haɗuwa. Nuhu ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya dafa ƙarfen ampilin don ya duƙa, sai ƙugin ya sauya murya. Ya ɗaga hannu, ƙugin ya koma yadda yake. Ya sake dafawa. Suka kalli juna.

"Wayar ƙasa," in ji Attahir a hankali. "Ni da kaina na kafa ta."

Suka bi siririyar wayar da ta fita ta taga, ta gangara bayan ɗaki, ta ƙare a kan wani ƙarfe da ya kafa shekaru da yawa da suka wuce, da gawayi da gishiri a ramin, kamar yadda ya ga ana yi a Abijan. Aikin ƙarfen shi ne ya kwashe rarar kuran ya zuba wa ƙasa, amma sai ƙasar na da laima take karɓa. Wurin ya bushe ƙamas, har ya tsattsage. Ga dutsen da Amina ke zama a kai ta yi wanke-wanke, ga inda take watsa ruwan safe da yamma. Tun da ta tafi babu wanda ya wanke ko cokali a nan. Attahir a kasuwa yake cin abinci, a masallaci yake alwala. Laimar damina ce ta rufa masa asiri, da ta ƙare sai kaya suka fara kuka.

Ya tsaya yana kallon dutsen. Kewar ɗiyarsa ta kama shi sosai.

Nuhu ya tuttula ruwan buta a gindin ƙarfen. Ta taga suka ji ƙugin ya sassauta.

"Tsaya," in ji Attahir. "Bari in sa ya ɗauka, mu ji bambanci daga farko har ƙarshe."

Ya shiga da sauri. Ya ga kaset a kan ƙyalle, hankalinsa ya kwanta. Ya mayar da zaren wanda ke cikin na'urar zuwa farko, ya danna jan maɓalli, ya fito. Da kunnuwan nan a karye suke, da maɓallin ya ƙi shiga. Ya shiga lafiya lau.

Suka haƙe gindin ƙarfen. Suka kankare tsatsa, suka ɗaure wayar da kyau. Attahir ya ɗebo gawayi, Rut ta miƙo gishiri ta kan katanga, ta biyo da ruwan sanyi a kwano. Suka zuba bokiti, ƙasa ta shanye, suka ƙara. Nuhu na yi masa tsiya, shi kuwa yau ko a jikinsa, dariya yake kamar yaro. Suka zauna a inuwar katangar suna shan iska, har suka ji ƙas daga cikin ɗaki, kaset ya kai ƙarshe.

Ɗakin ya yi tsit. Attahir ya murɗa murya har ƙarshe, ya kara kunne a jikin lasifika, babu komai, ko ɗis. Ya ce Alhamdulillahi. Nuhu ya ce shi zai fita, a bar shi da matarsa.

Bai kai ƙofar gida ba ya ji an kira shi, da wata murya da bai san Attahir da ita ba. Ya dawo. Attahir na tsaye, ƙyallen na hannunsa, lasifikoki na magana da muryarsa ta ɗazu da safe: "Gwaji, gwaji. Mushe, kana ji?"

Wanda ya ɗauko daga kan ƙyallen ke nan. Ɗayan, na Hasana, na kan tebur, da ɗuminsa.

Suka sa shi. Suka saurara daga farko, suka tura gaba, suka koma baya, suka je can ƙarshe inda zare ke ƙarewa, ko Allah ya sa kalma ɗaya ta tsira. Babu. Nuhu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya ce shi ne ya kawo dabarar. Attahir ya ce a'a, ai Nuhu ya ce masa ya karya kunnuwan. Bai yi kuka ba. Ya naɗe kaset ɗin cikin ƙyallen ya mayar akwati kamar kullum.

Washegari da la'asar kabu-kabu ya sauke Amina daga tasha. Ta yi nauyi, ta lulluɓe jikinta da babban mayafi don kunyar uba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauki buta, ba tare da tunani ba ta zaga bayan ɗaki, ta zauna a kan dutsenta ta wanke ƙafafu. Attahir na jin zubar ruwan ta taga.

Da ta shigo ya gaya mata. Bai yi kwana-kwana ba, bai ambaci Nuhu ba, bai ambaci ɗaukewar kuran ba. Ya ce ya goge muryar uwarta da hannunsa jiya, yana neman gyara ta.

Amina ta dubi akwatin da kaset ɗin ke ciki. Ba ta tuna masa ranar da ta roƙe shi ta waya ba, shi ma ya san ba sai ta tuna masa ba.

"Sa shi, Baba."

"Babu komi ciki."

"Sa shi dai."

Ya sa. Sauti ya fito garau, yadda ya so tun farko. Da fari akwai ɗan ƙugi, sai ƙarar haƙa daga nesa, sai zubar ruwa, ƙugin na raguwa har ya ɓace. Ana jin Rut na tambaya ko gishirin ya isa. Ana jin dariyar Nuhu. Sai muryar Attahir, cike da murna, ta shigo ta taga ta faɗa makirho: "Gobe yarinyar nan za ta ji uwarta kamar tana zaune cikin ɗakin ga."

Amina ta miƙa hannu ta kashe. Ta share fuska da bakin mayafi.

"Ka haddace abin da ta ce?"

"Kalma kalma."

Ta ciro wayarta, ta danna wurin ɗaukar murya, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu. Attahir ya ji kunya ta rufe shi, maganar da ya ɓoye shekara da shekaru ce zai faɗa da bakinsa gaban ɗiya. Ya sunkuyar da kai ya fara. Sallama, da gaisuwa, da gaisuwar tsofaffi. Akuya ta haifi biyu. Hatsin rumbu zai kai su damina in an yi hankali. Rufin ɗaki na son yaɓe.

Injin niƙan unguwa ya tashi, tu-tu-tu, har tabarma na amsawa. Attahir ya tsaya, ya ɗaga hannu.

"Bari shi gama, ƙarar za ta shiga."

"Ci gaba, Baba."

Ya sauke hannun. Ya ci gaba. Jiki ya yi nauyi amma lafiya lau, kada ya damu. In ya samu mai tafiya ya aiko da amsa, kada ya tsaya jiran komai. Yarinyar nan ta fara tafiya, duk abin da ta gani sai baki, jakin gidan ma Baba take ce masa. Ga ta nan ma ta shigo, tana jan rediyon.

"Nan an ka ji muryarki," ya ce. "Kin yi gwaranci. Sai ita kuma ta yi dariya."

Amina ta matso kaɗan.

"Wace irin dariya?"

Attahir ya buɗe baki. Ya san dariyar, yana jin ta a cikin kansa a daidai lokacin, inda take farawa da inda take yankewa don kada surukai su ji. Ya nemi kalmar da zai faɗa, ya nemi yadda zai kwaikwaya, ya rasa. Amina na kallon bakinsa tana jira. Wayar ta ci gaba da ɗauka, babu abin da ke shiga sai injin niƙa.